Manifol daga Rumfar Mai Tukwane

Daminar da maigidana ya kwaso aikin gareji ya kawo min cikin gida, ban taɓa shanya wanki na juya baya hankali kwance ba. Kullum hadari na tsaye a kan duwatsun da ke bayan Apo, baƙi ƙirin. Wata rana ya zubo, wata rana ya wuni a tsaye har magariba bai sauke ko ɗigo ba, sai zafi da nauyin iska. Ɗakunanmu biyu ne da ɗan tsakar gida, kuma ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata guda ban leƙa bakin titi ba, ban kuma ji na rasa komai ba. Labarin gari yana zuwa ya same ni har gindin murhu, wani a bakin maƙwabta, wani a bakin maigida idan ya dawo ya tsuguna yana cuɗa baƙin mai a hannunsa da garin sabulu.

Shi bakanike ne, inji yake gyarawa, ya fi shekara ashirin a Apo. A tsawon zaman nan na haddace sunayen kayan mota da yawa, duk da yawancinsu ban taɓa ganinsu da ido ba. Manifol kam na gan shi. Wata biyu muka yi da shi a tsakar gida ɗaya.

Motar ta wani ma'aikacin gwamnati ce, ɗan arewa mai gilashi, wanda in ya fara magana da Hausa sai ta ƙare da Turanci. Kowa a gareji Oga yake ce masa, ni ma haka zan ce. Mutum ne mai son mota ta tashi da zarar ya taɓa ta. Ya sa aka cire tabon da motar ta zo da shi aka ɗaura mata babba. Tabo, yadda maigida ya yi min bayani, wani ƙarfe ne mai siffar dodon koɗi da ke cusa wa inji iska da ƙarfin tsiya. Manifol kuwa shi ke karɓar iskar nan ya raba wa silinda huɗu, ɗakunan da mai ke ƙonewa a cikin inji. Na asalin motar na roba ne, kuma sabon tabon ya fi ƙarfinsa, rana ɗaya ya tsage shi tun daga sama har ƙasa. An zaga shagunan kayan mota an rasa wanda zai ɗauki wannan iska. Sai maigida ya ce da Oga, a gaban duk kanikawan layinsu, shi zai ƙera na ƙarfe da hannunsa.

Washegari ya shigo da fayif ɗin ruwa na roba, da kwalaye, da gam, da zarto.

Na ce, "Aikin famfo ka koma?"

Ya ce, "Madam, matsa min da turmin nan."

"Turmin nan ya riga ka zama a nan."

"To ki roƙar min shi."

Haka aka soma. Kullum idan ya dawo bayan la'asar sai ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfar kwano, ya zana, ya yanka, ya manna, ya ɓalle. Abin yana da ciki guda ɗaya dogo, da ƙafafu huɗu masu lanƙwasa da suka fito daga jikinsa. Ya ce dole ƙafafun su zo tsawo ɗaya, ba a yarda wata ta fi wata ko da faɗin farce ba. Da zaren ɗinkina yake auna su, ya bi lanƙwasar da zare, ya ƙulla, ya kai kan ta gaba. Ni ina gefe ina tsince shinkafa ina yi masa surutu, shi yana amsa min da "uhm" a inda bai dace ba.

Matsalar da ta fi cinye masa kwanaki ita ce rabo. Iska ta baki ɗaya take shiga, daga gefe, kuma ba ta da haƙuri. Sai ta wuce ƙafar farko da gudu ta je ta taru a ta ƙarshe. Silindar da aka cika wa iska fiye da rabonta tana yin zafi har ta narkar da fistin, haka ya ce. Ya rasa yadda zai ga iskar da idonsa, har ranar da na ɗora turaren wuta a kasko zan kai ɗaki. Ya bi hayaƙin da kallo, ya ce, "Kawo nan."

Ya ajiye kaskon a bakin abin, ya kunna 'yar fankar tebur a bayansa. Hayaƙi ya fito ta ƙafa ta huɗu kamar bututun gidan burodi, ta farko kuwa ɗan siriri kamar numfashin jariri. Turarena mai kyau, wanda ƙanwata ta aiko min daga gida, a kan fayif ɗin roba ya ƙare. Sai da ya yi ta tsuke cikin abin daga baya, yana rage faɗinsa kaɗan kaɗan, sati uku, kafin hayaƙin ya yarda ya fito ta ƙafafu huɗu kusan daidai. Ranar ya kira ni da ƙarfi har na ɗauka yankewa ya yi. Muka tsaya mu biyu muna kallon zare huɗu na hayaƙi suna tashi, tsakar gida na ƙamshi kamar ɗakin amarya, sama kuma ta yi duhu tana gurnani can nesa.

Saura a mai da shi ƙarfe. Masu waldar alminiyam sun ce za su yi, amma yanka-yanka za su haɗa, cikin zai fito da kusurwa da tabon walda. Shi kuma sumul yake so, yadda iska za ta zame ba abin da zai tare ta. Ya kwana biyu yana juya maganar.

Ni na kawo shawarar. Wannan ba zan ɓoye ba. Na ce, "Baban nan na Nyanya da ke zuba min tukwane fa? Duk siffar da ka kai masa a yashi yake binne ta ya fitar da irinta."

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kin san wani lokaci kina magana kamar wadda ta yi jami'a?"

Na ce, "Aji huɗun nan nawa ya ishe ku."

Ya sassaƙa siffar da katako, ya goge ta har tana santsi, ya naɗe a tsohon zanina ya kai Nyanya. Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ranar wata Laraba ya shigo da abin rungume a ƙirji, ya ajiye a kan tabarma, ya kware zanin a hankali. Fari tas, an shafe shi da farin fentin nan mai ƙyalli da suke shafa wa sababbin tukwane. Gaskiya ya yi kyau. Maigida ya zauna a gabansa yana murmushi shi kaɗai.

Ina riƙe da cokali a lokacin, daga wanke-wanke na taso. Duk macen da ta taɓa sayen tukunyar zubi ta san ba a biya sai an ƙwanƙwasa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai ciwo kuwa muryarta a shaƙe take. Ban yi da wata niyya ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na buga ƙafar farko, ta amsa. Ta biyu, ta uku, ta huɗu, duk suka amsa, ƙarar tana bin jikin ƙarfen tana daɗewa. Na bi cikin ina bugawa har na zo wani ɗan tudu a bayansa, kusa da wani ɗan hanci da ya fito. Nan cokalin ya ce ɗuf, ya tsaya. Na sake. Ɗuf.

Na ce, "Nan wurin bai amsa ba."

"Ai ba zai amsa ba. Da gangan na ƙara masa kauri. Nan tiyon birki zai shiga."

"Me ya haɗa birki da iska?"

Ya gyara zama, don yana son a tambaye shi. Ya ce idan direba ya ɗage ƙafa daga totur, injin yana zuƙar iska ne maimakon a cusa masa. Wannan zuƙar ake ja ta cikin siririn tiyo a kai wa birki, ita ce ke sa birki ya yi laushi a ƙafa. Ba don ita ba, ƙato ma sai ya miƙe tsaye a kan birkin kafin mota ta ji.

"In wurin ya huje fa?"

"Ba zai huje ba."

"Na ji. In ya huje?"

"Sai birki ya zama dutse." Ya karɓe cokalin daga hannuna. "Madam, wannan ba tukunyar miya ba ce."

Na tambaye shi wa zai fara hawa motar. Na san amsar, don ba ya taɓa barin mai mota ya hau aikin da bai gwada da kansa ba. Ya ce ranar Asabar da safe zai fita da ita, shi kaɗai, ya bi gangaren da ke sauka Nyanya ya juyo ya hawo. Ta nan Oga ke bi duk ƙarshen mako, kuma can ne ake gane mota, a hawa a ga ƙarfinta, a sauka a ga birkinta. Gangaren nan ko ni da ba na fita na san shi. Sau nawa maƙwabta suka dawo suna ba da labarin babbar motar da ta ƙwace a wurin.

Bai yi watsi da maganata gaba ɗaya ba, in faɗi gaskiyarsa. Ya toshe bakunan da roba, ya cika abin da ruwa, ya jingine shi har muka idar da magariba. Ko damshi babu. Da safe ya aro famfon taya, ya nutsa abin a cikin bahon wankina, ya yi ta bugun iska har gumi ya jiƙa masa riga. Muka sunkuya muna jiran kumfa. Ruwan nan ko motsi bai yi ba.

Ya ce, "To, Injiniya, an sallame mu?"

Na yi dariya, don na ga yana so in yi. Ya naɗe abin ya tafi da shi gareji zai ɗaura.

Ranar Alhamis ɗin nan ban yi aikin kirki ba. Na ɗauko tukwanena kaf na jera, na yi ta bugunsu a inda suke da kauri, wurin hannu, wurin baki. Ƙarfe mai kauri muryarsa tana yin ƙasa, amma yana amsawa. Abin da na ji a jikin manifol ɗin ba ƙasa ya yi ba, yankewa ya yi, kamar mutum ya buɗe baki zai yi magana a toshe masa. Na gaya wa kaina ruwa bai bi ba, iska ba ta bi ba, mai shekara ashirin a kan inji ya ce lafiya lau. Na ɗora girki na manta ban sa gishiri ba. Da ya dawo yana ta labarin yadda abin ya zauna daram, yadda kanikawan da suka yi masa dariya suka taru suna leƙe, sai na kasa sake tayar da maganar. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan farin ciki ba tun haihuwar ɗiyarmu ta fari.

Juma'a da safe na ce masa ina so in je Nyanya, murfin babbar tukunyata ya lotse. Da gaske ya lotse, amma ya shekara a haka. Ya ce, "Ke? Nyanya? Yau za a yi ruwa da ƙanƙara." Ya ce in gaida Baba, in ce masa aiki ya yi kyau.

Mota biyu na shiga kafin na isa. Rumfar Baba tana can bayan tasha, sai an bi ta lungun masu gawayi. Dattijo ne siriri mai farin gemu da hayaƙi ya rina, tun muna sababbin zuwa Abuja a wurinsa nake sayen tukunya. Na same shi a tsugune yana danna yashi da dunduniyar hannu a cikin akwatin katako. A gefe ga tulin tsofaffin fistin da gwangwanaye da za a narka, ga wuta tana huci a rami.

"A'a, 'yata, yau ke ce da kanki? Ina Injiniya?"

Muka gaisa sosai, ya tambayi yara, na tambayi ƙafarsa da ke damunsa. Na isar da saƙon maigida. Fuskarsa ta washe.

"Kai, aikin nan ya ba ni wuya. Sau uku na zuba shi. Kin ga daminar bana, yashi ya ƙi bushewa, kuma ƙarfe in ya haɗu da damshi sai ya yi ta tofa kumfa a ciki. Na farko da na biyu mayar da su wuta na yi. Na ukun ne Allah Ya taimaka ya fito sumul, in ban da ɗan rami ɗaya."

Na ce, "A ina, Baba?"

"Can baya, gefen ɗan hancin nan. Bai fi kan ƙaramin yatsa ba. Na gyara shi tsaf."

"Yaya ka gyara?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi yadda ake shan ruwa. Ya ɗauko wani guntun alminiyam a ƙasa ya nuna min. A yanko daidai ramin, a cusa, a daddaƙe da guduma har ya baje ya kama, a goge da magagari, a shafa fenti. A tukunya ciki da baya ake daddaƙewa. Wannan kuwa guduma ba ta shiga cikinsa, ta baya kawai ya samu ya buga.

"Ka gaya masa?"

"In gaya masa me? Ke na taɓa gaya miki? Je ki kifa babbar tukunyarki ki duba gindinta da kyau, toshi biyu ne a wurin. Shekara nawa kina tuƙa tuwo a ciki? Ta taɓa ɗiga?"

"Ba ta taɓa ba."

"To."

"Baba, wannan ba ruwa za a zuba masa ba. Iska ce."

Ya yi dariya har yana tari. "To ai iska ta fi ruwa sauƙi, 'yata. Abin da ya riƙe ruwan zafi, iska ce za ta gagare shi?"

Ba ha'inci ya yi ba. Da zuciya ɗaya yake magana, yana alfahari da aikinsa. Ni kuwa ina tsaye ina tuna manifol ɗin roba da iskar nan ta tsaga gida biyu. A taka totur ta tura toshin waje, a ɗage ƙafa ta zuƙo shi ciki, ga zafin inji yana buɗa ƙarfe, ga girgiza. A bahon wanki da ruwan sanyi ba abin da ya taɓa shi.

Na fito ban ɗauki murfin ba. Tun a lungun masu gawayi na fara kiran maigida. Tana shiga, ba a ɗauka. Na ce yana masallaci, lokacin ya yi. Na kwantar da hankalina da cewa sai gobe Asabar, akwai yamma guda cur da zan same shi in gaya masa, ko zai yi fushi ya yi.

A tasha na daɗe kafin na samu mota, an tare hanya ana salla. Da muka tashi kuma gosulo ya riƙe mu tun daga ƙasan gangaren. Yayyafi ya fara, kwandasta ya ja ƙofa, gilasai suka yi gumi. Muna hawa taku ɗaya ɗaya, ɗaya hannun kuwa, na masu sauka, motoci ne ke zubowa a guje suna fesa ruwa a jikin katangar kankaren da ta raba hanyar. Na yi ta kira. Sau goma sha wani abu. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Madam, ki bar shi, zai kira ki." Na ce mata to.

Ban wuce gida ba, na sauka a Apo. A duk shekarun nan zuwana garejin bai fi sau uku ba, sai da na yi tambaya. Na bi ta cikin caɓi da baƙin mai, tsakanin gawarwakin motoci, har na hango rumfarsa. Wurin da mota ke tsayawa babu komai, sai sawun taya da ruwa ya fara cikawa.

Maƙwabcinsa mai gyaran jikin mota, mutumin kudu ne, ya leƙo daga ƙarƙashin laima. "Ah, Madam, sannu da zuwa. Mijinka ya fita tes, ya tafi gwada mota. Oga ya tashi aiki da wuri, ya ce a yi yau kawai."

"Tun yaushe?"

"Bai daɗe ba. Bayan salla kaɗan."

Na sake danna kira. Sai na ji wayar tana ƙara a bayana. Tana rataye a ƙusa cikin rumfar, a jikin caji.

Oga yana zaune a kan benci a ciki, ya naɗe ƙafar wandonsa saboda caɓi. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, ya ce Hajiya ga wuri. Ban taɓa magana da shi ba sai ranar. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin na gaya masa komai, tun daga cokali har guntun da Baba ya nuna min. Ina tsammanin zai yi min irin dariyar da aka yi min sau biyu. Bai yi ba. Ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu.

"Kusa da layin birki kika ce?"

"Gefensa."

Ya ce akwai wani ɗan bawul a jikin tiyon da ke riƙe zuƙar da ta saura, ko an samu matsala birki zai ba da taku biyu, wataƙila uku, kafin ya ƙage.

Na ce, "Sau nawa ake taka birki kafin a gama sauka gangaren nan?"

Ya mai da gilashin fuskarsa. Ya fita cikin ruwan ya tsaya a bakin layi yana duban hanya, ya dawo, ya ce bari ya bi bayansa da wata mota. Maƙwabcin ya ce ta wace hanya, in ya juyo ta wani wurin fa, ku saɓa. Ya koma ya zauna.

Ruwa ya ƙaru. A kan kwanon rumfar kamar ana zuba tsakuwa. Kanikawa suka daina aiki suka fake, wasu suka matso rumfarmu, maganar ta riga ta zaga. Wani ya ajiye min ruwan leda a gefe. Duk motar da ta karyo kwanar layin sai kawuna su ɗago tare. Aka kira la'asar, suka tafi suka dawo, ni a nan na yi tawa a kan kwali, kuma ban iya cewa ga abin da na karanta ba. Ina ta ganin hannuna yana miƙa masa zanin da ya naɗe katakon, ina jin bakina yana cewa Baban nan na Nyanya fa.

Wajen ƙarfe biyar wayar Oga ta yi ƙara. Ya duba, baƙuwar lamba ce. Ya bari ta yi ƙara sau uku kafin ya ɗauka, ya juya min baya. Rumfar ta yi tsit, har ina jin maganar da ke fitowa daga wayar, ƙanƙanuwa kamar ta sauro.

"Oga, ni ne. Mota ta ɗan samu matsala."

Na sunkuyar da kai a kan gwiwata. Muryar maigida ce.

Dab da magariba motar janwe ta shigo da su. Gefen direba tun daga fitilar gaba har ta baya a kankare yake, ba fenti, madubi ya tafi, ƙofar ta lotsa ciki. Maigida ya sauko daga gaban janwen a hankali, ya tallabe hannun hagu da na dama, rigarsa jiƙe sharkaf. Ya nufi Oga zai fara bayani, sai ya gan ni. Ya tsaya.

"Me kike yi a nan?"

Oga ya ce, "Malam, bar maganar mota. Ku je gida. Gobe ma rana ce."

Wani ya buɗe bonet ya haska da waya. A bayan manifol ɗin, gefen tiyon birki, ga rami zagayayye, bakinsa fes kamar an huda da gangan. Toshin ya shige ciki. Daga baya da suka sauke injin, a kan fistin na uku suka same shi ya baje.

A gida na dafa ruwa na jiƙa tawul ina gasa masa kafaɗar. Ta kumbura ta yi baƙi, amma ƙashi bai karye ba. Sai a lokacin ya ba ni labari, yana kallon bango. Ya ce a hanyar zuwa motar tashi take kamar za ta bar ƙasa, bai taɓa jin daɗin aikin hannunsa irin haka ba. Da ya kai kan gangaren ya ɗage ƙafa, sai ya ji ƙwas a cikin injin, sannan injin ya ɗauki kuka shi kaɗai yana tura motar gaba.

"Taku biyu birki ya ba ni. Na uku kamar na taka dutse."

A gabansa bas ce cike da mutane, tana tafiya a hankali saboda ruwa. Ya sauke giya, ya ja birkin hannu, bayan motar ya fara zamewa. Sai ya kwantar da ita a jikin katangar kankare ya bar ta tana gurzawa har ta gaji ta tsaya. Ya ce yana iya karanta rubutun da ke bayan bas ɗin, har da ƙananan.

Na gaya masa inda na je da abin da Baba ya ce, ban rage komai ba. Na ce ni na kai ka wurinsa. Ruwan tawul yana ɗiga a kan tabarma.

Ya ce, "Shi tukunya aka koya masa. Ni ne na karɓi abu da fenti a jikinsa ban kankare na duba ba."

Na kawo abinci, ya kai loma biyu ya ture. Da zan ɗauke kwanon ya riƙe bakin zanina da hannunsa mai lafiya.

"Gobe Inna za ta kira, kin san ranar Asabar take kira. Kar ki gaya mata."

Da surukar tawa ta kira na ce mata yana barci, aiki ya yi masa yawa a satin nan. Ta ce a bar shi ya huta.